Ƙugiyar da Na Ƙara wa Kanwa

Ranar da na fara sayar da kanwa a ƙofar gidanmu, na hana yara rubuta min allon talla. Ai na gama ajin yaƙi da jahilci, kuma malama ta sha cewa mutanen Minna ba sa kula da ƙugiyar harafi. Ni kuwa na zauna na lanƙwasa tawa da kyau.

Da hantsi wani ɗan acaba ya tsaya ya karanta: "Ana sayar da ƙanwa." Ya dubi ƙanwata Ladi tana tsintar shinkafa, ya ce, "Mama, wannan ce, ko akwai wata a ciki?"

Ranar ban sayar da komai ba, 'yan kallo kawai na tara. Har yau in Ladi ta zo, daga ƙofa take tambaya, "Yaya, in shigo, ko kasuwa na ci?"