Ranar da Na Ɗaure Ƙafar Baban Falmata

Ba na jin zan taɓa mantawa da gasar agajin gaggawa da aka yi a makarantarmu a nan Gombe ina aji biyu. Ni ne kyaftin ɗin ƙungiyarmu (ba don na fi kowa iyawa ba, murya ce Allah Ya ba ni). Tare da ni akwai Rifkatu 'yar Kaltungo, sai Falmata, wadda iyayenta suka taso daga Borno suka zauna a unguwar Manawashi. Ita Falmatar nan, tsakanina da ku, saboda ita na shiga ƙungiyar.

Kyautar ba ta wasa ba ce: akwatin magani da gadon ɗaukar marasa lafiya. Mu kuwa a lokacin, in wani ya suma a hostal, a bargo muke kinkimarsa zuwa asibiti.

An shafa wa wasu ɗalibai da ma'aikata jan fenti, aka kwantar da su a wurare daban-daban a filin wasa. Da an busa usur, kowace ƙungiya ta nemo nata mai raunin.

Ana busawa na cilla da gudu, na bar su Rifkatu a baya. A bayan rumfar baƙi, ƙarƙashin dalbejiya, na hango wani dattijo kwance, hula ta rufe fuskarsa, gaban farar rigarsa ja wur. Na ce to, ga namu. Na durƙusa, na fizgo katako da bandeji, na kama ƙafarsa na hau naɗi.

Dattijo ya zabura. "Kai, yaro, lafiya?"

"Kada ka motsa, Baba! Ka karye!"

"Ni? Yaushe?"

"Yanzu. Mota ce ta buge ka."

"Barci fa nake yi, ɗana."

A raina na ce lallai alƙalai sun koya masa ruɗa mutane. Na danne kafaɗarsa, na ƙara tamke ƙafar, har na raɗa masa a kunne, "Baba, wallahi ka iya wasan nan." (Wannan maganar ce har yau take hana ni kallon madubi da kyau.) Sannan na ɗaga muryar nan tawa, yadda duk filin zai ji: "Ga shi nan! A kawo gado!"

Jama'a suka taru. Cikinsu na ji wata murya da na sani ta ce, "Innalillahi! Babana ne!"

Falmata ce. Ashe kallonta ya zo yi, bayansa ya gaji da kujerar roba ya zagaya ya miƙe. Jan da ke rigarsa kuwa zoɓon leda ne ya fashe masa. Ainihin mai raunin namu yana can bakin raga yana ta nishin ƙarya, Rifkatu ita kaɗai tana fama da shi.

Ɗalibai suka fashe da dariya, wayoyi suka tashi sama. Ni ko na kasa kwance ƙullin da na yi. Sai da Falmata ta ture ni ta kwance da kanta.

Dattijon ya zauna, ya gyara hularsa, ya kalle ni. "Ku daina yi masa dariya," in ji shi. "Na taɓa faɗuwa da babur a hanyar Kwadon. Mutane suka kewaye ni suna ta sannu, babu wanda ya taɓa ni. Wannan yaron ko lafiyata ƙalau bai ƙyale ni ba." Ya shafa ƙaurinsa. "Sai dai ka riƙa tambaya, ɗana."

Na uku muka zo, shi ma albarkacin Rifkatu. Gado ya wuce mu. Amma bayan mako guda Baba ya aiko mu je Manawashi mu koya wa abokan kasuwancinsa tsayar da jini da ɗaurin karaya, kuma har yau muna zuwa. Da na shiga layin, yara sai su hau ihu, "Ga likitan masu barci!"

Abin da na koya ɗaya ne: kafin ka ceci ran mutum, yi masa sallama tukuna. In ya amsa ya ce barci yake yi, to, ka yarda da shi.