Rasuwar Haƙoran Malam Ukasha a Ataba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da bakin da ya zama kango, Malam Ukasha na unguwar Abbasiya a Alƙahira, tsohon maigadi a unguwar Mohandisin, yana sanar da 'yan'uwa rasuwar haƙoransa na roba, jerin sama. Sun rasu ranar Talata bayan la'asar, a kasuwar Ataba, suna bakin aiki. Shekararsu goma sha huɗu.

Mamatan ba su taɓa ciwo ba. Sun ci kilishin da ɗalibai ke kawowa daga gida, ba su yi ƙorafi ba. Maganarsu biyu ce: ƙas-ƙas in ana tauna, ƙwal in an jefa su a kofi.

Shekara uku da suka wuce, Muhannad, ɗan Malam Ukasha, ya turo hoto daga Amurka. Nama ne aka buge ya yi faɗi, aka soya, ya fi burodin da aka sa shi ciki girma. Na alade ne, in ji yaron, shi ma kallo kawai ya yi. Malam Ukasha ya ce a Alƙahira akwai wanda ya fi shi, na halal, kuma shi zai samo. Maƙwabcinsa Abakar ya yi dariya da haƙora talatin da biyu. Duk nasa ne. Mutum ya haura saba'in, ko asuwaki bai dame shi ba, amma ko ɗaya bai girgiza ba.

Daga ranar mamatan suka shiga nema. Duk Talata suna hanya. Buftek, haka Misirawa ke kiran naman, sun gwada shi a shago arba'in da bakwai. Wani garin burodi ne zalla, sai an haska tocila a ga naman. Wani tafin takalmi. A watan jiya suka dace, a wani lungu bayan masu sayar da fitilu. Tsoho ɗaya, kasko ɗaya. Naman maraƙi ya leƙo ta kowane gefe, bakinsa ƙaras-ƙaras, tsakiya laushi. Malam Ukasha bai gaya wa kowa ba, har matarsa Mahasin. Jira yake Muhannad ya zo hutu, ya kai shi da kansa.

Ranar ajali ya fito daga lungun da sandawish a hannu, sai ga Abakar ya zo sayen ƙwan fitila. Babu aljihun da zai ɓoye naman nan. Malam Ukasha ya ninka shi biyu, ya tura baki, ya datsa. Mamatan suka ce ƙas, sau ɗaya, suka rabe.

Abakar ya tsinci rabin haƙoran a ƙasa, ya goge da rigarsa, ya miƙo.

"Ma'alish, Malam, sai haƙuri. Kawo sauran sandawish ɗin kuma, kada a yi asara biyu."

Ya cinye a tsaye. Ya tambayi wurin. Malam Ukasha ya ƙi faɗa, da ma ba a gane abin da yake cewa. Abakar ya bi ƙanshi.

Yanzu a ƙofar masallaci "buftek ɗin Abakar" ake cewa. A sani, shago arba'in da bakwai mamatan suka sha wahala. Abakar taku goma ya yi.

Mamatan sun bar jerin ƙasa, wanda yanzu ba shi da abokin gaisawa, da kofin gilashi, da Mahasin, wadda ta koma damun kunu safe da rana. Mai haɗa haƙora ya ce sababbi sai mako shida. Muhannad saura mako biyu ya sauka.

Ba za a yi salla ba, Malam Ukasha ya san hukunci. Za a naɗe su a takardar da aka naɗo sandawish ɗin, a binne cikin gwangwanin na'ana'a a saman bene, Juma'a bayan la'asar. Kunu kawai za a bayar. Abin da mai makoki ya sha, shi kowa zai sha. Abakar ya aiko wai zai kawo sadakar buftek ashirin. Ya riƙe kayansa. In ya zo gaisuwa ya zauna daga baya, ya rufe baki.

Kada wanda ya gaya wa Muhannad komai a waya. Za a tashi makoki ranar da ya sauka, a lungun. Ubansa ne zai kai shi. Zai sayi guda ɗaya, ya zauna ya kalli yaron yana ci.

Ba a gayyaci Abakar ba.