Ranar da Na Yi wa Gonar Surukina Furfura

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da na so in burge Baba Idi, mahaifin Rabi, yarinyar da nake nema a Falanko. A lokacin ni ne mai hoton da ake ji da shi a Tanout (ni dai haka nake ji da kaina, ban tambayi kowa ba). Ina da wata kyamara da aka gyara mini a Damagaram, tana ɗaukar infraruj, wato hasken da idon mutum ba ya gani. Na ɗaura mata a baki wani tsohon gilashin ɗaukar hoto mai jikin ƙarfe da ya girme ni, na wani dattijon mai hoto da ya daina sana'a.

Shekarar nan geron Baba ya yi kyan da ya jima bai yi ba. Ya ce in zo in ɗauke shi a tsakiyar gona, zai aika wa yayansa a Agadas, wanda kullum yake ce masa ya bar noma, ƙasar ta gaji. Ranar da na je, ya sha baƙin rawaninsa, gemu baƙi wuluk. Kowa a garin ya san rina shi yake yi, ba mai faɗa.

Da na ɗauki kyamarar da nake aikin biki da ita, da an wuce wurin. Ina! Na ce bari tsoho ya ga gwaninta, na ɗauko mai infraruj ɗin. A ɗan allon kyamara na ga ganye ya fito fari tas, na ce wannan ai sai Turai. Fuskarsa kuwa ban ko duba ba. Na aika hoton Damagaram aka wanke shi ƙato, aka saka a gilashi. Kafin ya dawo an gama girbi.

Ranar Juma'a na kai, bayan an sauko daga masallaci, don mutane su shaida. Na yaye zanen da na rufe shi da shi ina murmushi.

Gero fari fat kamar wanda fari ya ƙone. Rawani ya koma fari. Gemun nan kuwa, infraruj bai san rini ba, ya fito kamar auduga. Ga hoton dishi-dishi, don tsohon gilashin kyamarar yana da wani jan ɗigo da ake saitawa a kai in za a yi irin wannan ɗauka, ni kuma na ɗauka ado ne.

Wani abokin wasan Baba, Buzu, ya matso ya ƙura ido. "Idi, wannan kai ne ko babanka?"

Aka fashe da dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na fara bayanin haske. Baba ya ɗaga mini hannu.

"Yaro, shekara nawa ina jiran damina irin wannan. Wannan zan aika wa yayana? Ya ce ga gona ta mutu, ga mai gona ya tsufa?"

Wannan maganar ta fi dariyar yi mini ciwo, don babu sauran gero a tsaye da zan sake ɗauka.

Rabi dai an ba ni, da kyar. Sharaɗin Baba guda ne: kada kyamarata ta shiga gidansa ranar biki. Daga Belbeji aka ɗauko mai hoto. Tun daga nan, in mutum ya ce in ɗauke shi, abin da idonsa yake gani nake ba shi. Wanda ido ba ya gani, na gane akwai dalilin da Allah Ya rufe shi.