Hular Kwanon Nomau

A gidanmu na Ɗan Marke mu uku ne: ni, da ɗana na fari, da matarsa Lantana. Sunansa na yanka ba zai fito daga bakina ba, haka na tarar iyayenmu suna yi da ɗan fari. Mutanen gari suna ce masa Nomau, don da damina aka haife shi. Tun yana goye ban taɓa duban idonsa na yi masa magana ba. In ina da saƙo, ƙanwarsa nake ba wa. Da ta yi aure ta tafi Kaduna, shi ma ya yi nasa, sai saƙo ya koma hannun Lantana. Ina bakin murhu zan ce, "Ki gaya masa kaza," shi kuwa yana tsaye a gabana yana jira ta maimaita.

Nomau bai san ƙarya ba, bai san zagi ba, salla ba ta wuce shi. Abu ɗaya ne: yadda ka ba shi magana haka zai riƙe ta, ba ƙari ba ragi. Ya haura talatin yana haka. Abin da ya mallaka a duniya shi ne keken mahaifinsa. Da shi yake kai wa mata niƙa, ya ɗauko wa wannan taki, ya kai wa wancan kaji kasuwa. Kullum da safe sai ya goge shi da tsumma kafin ya karya.

A kan keken nan mahaifinsa ya gamu da ajalinsa, kuma ba tafiya ce mai nisa ba. Goro zai sayo a bakin kasuwa, ya ce mini yanzu zai dawo. Akuya ta gitta masa a kan kwalbatin ƙofar gidan wansa, Baffa Ilu, ya faɗi, kansa ya bugu da gefen siminti. Kwana uku ya yi bai ce uffan ba. Allah ya jiƙansa. Tun a zaman makoki Baffa Ilu ya so a ɗaure keken a zaurensa, ni na yi ta roƙo ya bar wa Nomau. Ya ce ya bari, amma duk ranar da ya ja mana abin faɗa zai karɓe. Faɗuwar mahaifin ce ta sa da ƙanwar Nomau ta aiko masa da hular kwano irin ta masu keke, shuɗiya, mai ramuka a sama, da igiya mai maɓalli a ƙarƙashin haɓa, na karɓa hannu biyu. Sai dai a duk Ɗan Marke ba a taɓa ganin mai keke da hular kwano ba.

Na ce wa Lantana, "Ki gaya masa, in ya sa ta ya fita, kada ya cire sai ya dawo gida."

Wata rana, Juma'a ce, ya hau keke ya tafi Tudun Gawo, don can ake masallacin Juma'a. Ya jingine keke, ya shiga sahu da hularsa, ya ta da nafila. Da ya yi sujada sai aka ji ƙwas! Ya ɗago, ya koma, ƙwas! Sahu biyu suka waiwayo. Da ya sallame wani dattijo ya taɓa shi.

"Ɗana, sujada sai goshi ya taɓa ƙasa. Cire wannan abin."

"Baba, Inna ta ce sai na dawo gida."

"To ai ba a salla da ita."

Nomau ya ce, "Gaskiya ne." Ya tashi ya hau keke, ya dawo har soronmu, ya cire hular ya rataye a ƙusa, ya juya a ƙafa. A gadar rafi ya yi kiciɓis da masallata suna dawowa. Kafin la'asar labari ya shiga kowane gida. Ranar ko rijiya ban je ba. Na yi ta istigfari, don maganata ce ta hana shi Juma'a.

Na ce wa Lantana, "Ki gaya masa, hular nan ta wanda ke kan keke ce. Wanda yake ƙasa ba ya buƙatarta."

Wata rana aka yi wa Baffa Ilu jika, za a yi suna. Ya aiki Nomau rugar Fulani tun da sassafe ya ɗauko ragon suna, wani ƙato marar ƙaho. Nomau ya ɗaure rago a kan kariyar bayan keke, ya sa ƙafa zai hau, sai ya tsaya. Su biyu ne, hula ɗaya. Ya yi lissafinsa, ya cire ta ya kifa wa rago, ya ɗaure masa igiya a haɓa, shi kuma ya turo keken a ƙasa. Malamai na zaune a ƙofar gida tun hantsi, an raba goro, an yi fatiha, rana ta take, ba rago. Can sai ga shi tafe, yara duu a bayansa, rago zaune a kan keke da shuɗiyar hula yana duban jama'a ɗaya bayan ɗaya.

Baffa Ilu ya ce, "Kai! Mene ne wannan?"

"Shi ne a kan keke, Baffa. Ni ina ƙasa."

Mahauci ya yi ta kokawa da maɓallin ya kasa buɗewa, har sai da Nomau ya matsa shi da yatsa biyu. Liman ya sa hannun riga ya rufe bakinsa, kafaɗunsa suna rawa. Ina cikin gida tare da mata ana tuƙa tuwo aka shigo da labarin. Kowa ta yi shiru don ni, kuma shirun ya fi dariya ciwo. Da yamma Baffa Ilu ya aiko matarsa ta gaya mini, saura sau ɗaya.

Wata rana ya kai faci wurin Ɗan'azumi mai faci, inda maza ke zama ƙarƙashin dalbejiya. Suka sa shi gaba.

"Direban jirgin sama, ina aka nufa yau?"

"Kanti zan je. Gishiri."

Ɗan'azumi ya ce, "Haba Nomau. Nan da kanti? Kakanninmu sun hau keke da hular saƙi har suka tsufa. Wannan ta masu tsere ce a kan kwalta. Ta tafiya mai nisa ce."

"Ina ne nisa ya fara?"

"To, a ce in ka ƙetare gadar rafi."

Nomau ya riƙe wannan, bai kuma saki tawa maganar ba. Tun daga ranar, in an aike shi kanti, sai ya sa hula, ya tuƙa har ya ƙetare gadar rafi, ya juyo, sannan ya tsaya ya sayi gishiri. Ta haka tafiyar ta zama mai nisa, bai saɓa wa kowa ba. Miya ta ƙone wa Lantana sau biyu tana jira. Ta bi shi da ludayi har soro.

"Kai wai wane irin mutum ne? Kanti ga shi nan ana hangowa!"

"Ana hangowa. Amma hular ba ta nan kusa ba ce."

Matan unguwa suka fara aikensa don nishaɗi kawai, su tsaya a bakin katanga suna ƙirga wucewarsa. Na ji wata tana ce wa ɗanta, in bai daina ƙiriniya ba za ta kai shi gidan mai hula. Nan zuciyata ta karye. Ba zan ɓoye ba, na tsani hular nan kamar ba ni na karɓe ta hannu biyu ba. Na so in ce a jefa ta masai, sai fuskar mahaifinsa ta faɗo mini, na kasa. Sai na nemi hanya tsakiya, wadda ba ta da kyau.

Na ce wa Lantana, "Ki gaya masa, kada ya ƙara bari mutane su ga hular nan a kansa."

Wata rana da la'asar ya buɗe akwatin mahaifinsa, ya ɗauko farin rawaninsa na salla da babbar riga. Ya sa hula, ya naɗe ta da rawani tas, har da amawali ya rufe baki. Kai ya yi girman tulu. Ya hau keke a hankali don kada rawani ya warware, ya bi ta ƙofar gidan Baffa Ilu, inda dattawa ke zaune a tabarma. A makon nan kuwa ana ta zancen hakimi zai turo wakili a kan maganar burtali. Da suka hango farin rawani tafe a natse, sai suka miƙe. Baffa Ilu ya riga kowa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin hanya, ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe! Barka da sauka! Lafiya, lafiya!"

Mai rawani ya ja birki, ya sauko da sauri, shi ma ya durƙusa.

"Baffa, ina wuni. Ni ne. Ba ka ga hular ba ko?"

An ce wani tsoho sai da aka ba shi ruwa. Baffa Ilu ya miƙe, ya sa takalminsa a hagunce ya shige gida. Bayan magariba matarsa ta zo, ko zama ba ta yi ba. Ta ce gobe da hantsi Baffa zai zo da kansa ya tafi da keken.

Washegari Nomau ya goge keken fiye da kullum, har tsakanin sarƙa. Bai karya ba. Ya fito da shi ƙofar gida ya tsaya, hular tana rataye a hannunsa. Ina leƙe ta ramin ƙyauren soro, na san ni na jawo. Baffa Ilu ya iso cikin babbar riga, maƙwabta sun fito kamar ana rabon zakka.

"Sakar mini."

Nomau ya saki.

Gidan Baffa gida biyar ne daga namu. Da ya tura shi a ƙasa da an wuce wurin. Amma ya ga idon jama'a, ya tuna jiya, ya so ya nuna har yanzu shi ne babba. Ya tattare riga ya ɗare sirdi, shi da ya shekara ashirin bai hau ba. Kafin ya taka feda, Nomau ya matso ya kifa masa hular a kan tasa hular, ya danna maɓalli, ƙat.

"Kai! Cire mini wannan abin!"

"Kai ne a kan keke, Baffa. Ni ina ƙasa."

Baffa ya ja igiya, ya murɗa, ta ƙi. Yara suka fara ƙyalƙyala. Ya ga tsayuwa ta fi tafiya kunya, sai ya taka da ƙarfi ya yi gaba. Ni kuwa na zame na zauna a ƙasan soro, na rufe fuskata. Na ce shi ke nan, yau ya gama da mu.

Sai na ji ƙara, na ji salati. Ban san lokacin da na fita ba mayafi ba.

Gefen babbar rigarsa ne ya shiga sarƙa, daidai kan kwalbatin ƙofar gidansa. Keken ya yi gefe, shi ya yi gefe, kansa ya sauka a kan simintin nan, wurin da na shekara bakwai ina kauce wa da idona. Yana kwance bai motsa ba. Ba wanda ya yi dariya. Can ya yi tari, ya dafa ƙasa, ya tashi zaune. Hular ta tsage gida biyu, igiya kaɗai ta riƙe ta. Nomau ya durƙusa ya matsa maɓalli da yatsa biyu. Baffa Ilu ya shafa kansa, ya dubi hannunsa, ba jini. Ya dubi gefen simintin ya daɗe. Da shi aka ɗauki ƙanensa daga wurin. Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," sai hawaye.

Ɗan'azumi mai faci ya ɗauki rabin hular yana juyawa. Ya ce, "Gida biyar fa. Gida biyar kawai." 

Baffa ya miƙe da ƙyar, gwiwa a ƙuje. Ya ta da keken da kansa, ya miƙa wa Nomau.

"Riƙe abinka. Kada ka hau sai an kawo wata daga Kaduna. Ni zan aika."

Mako biyu Nomau yana tura keke a ƙasa, da niƙa da kaji da komai, ba wanda ya ce masa direban jirgin sama.

Amma a ranar, da muka shiga gida, ya tsaya a tsakar gida da ɓarin hular a hannu biyu, kansa a sunkuye. Ya ce wa Lantana, "Ki gaya wa Inna ta yi haƙuri. Hular da ta ba ni amana ta fashe a hannuna. Kuma mutane sun gan ta."

Ni ce na ce a ɓoye ta don kada a yi mini dariya a rijiya. Shi ko sau ɗaya bai ji kunyarta ba. Na ajiye muciya, na tashi, na tsaya a gabansa. Shekara talatin da ɗoriya, ranar na fara duban cikin idonsa. Idon mahaifinsa ne sak, ban sani ba.

Na ce, "Allah ya yi maka albarka."

Ya waiga bayansa, bai ga kowa ba. Ya dube ni, ya yi sauri ya sunkuyar da kai. Sannan ya juya wajen Lantana, wadda ke share ido da bakin zane.

"Lantana, me Inna ta ce a gaya mini?"