Dabinon Modibbo

"Lafiya lau, amarya. Ya jego? Ashe ban da ni akwai wanda ya iya zama da wannan hancin naki."

Modibbo ne a ƙofar ɗakin jikarsa Khaulat a Takur, yana cire takalmi. Da hantsi ya iso daga Kiyawa don ganin ɗan da ta haifa shekaranjiya, riƙe da ƙullin dabino. Duk jaririn da aka haifa a zuriyarsa, shi ke tauna dabino ya goga masa a dasashi don neman albarka. Khaulat ta dubi fuskarsa, murmushinta ya ragu. Ƙuraje ne suka feso masa a leɓen ƙasa, sun ɗuri ruwa, ya shafe su da toka.

"Ango, wa ya mare ka a baki? Ko miyar wani gida ka sata? Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

"Zazzaɓi ne ya kwana biyu a wurina, da zai tafi ya bar mini tsaraba. Miƙo mini kishiyina in gani. Dabinon nan sai da na zagaye kasuwar Dutse kafin na zaɓo shi."

"Da waɗanne haƙora za ka tauna? Guda ukun da suka rage?"

"Ukun nan sun fi naki talatin aiki. Uwarki ma ni na tauna mata, ke ma haka. Shi ya sa bakinki ba ya hutawa."

Ya miƙa hannu. Khaulat ta ƙara rungume jaririn.

"Kaka, yau dai a'a."

Tsohon ya tsaya. Tunda ta iya magana ba ta cika kiransa Kaka ba, sai in abu ya yi nauyi.

"A asibiti sun ja mini kunne. Ƙurjin nan a ruwansa da yawu yake yaɗuwa. Babba kwana kaɗan ne ya warke, jariri kuwa yana iya tafiya da shi. Ba sumba, ba tofi, ba tauna, sai ya bushe ya warke sarai."

"Ƙurjin da kowa ke yi? Abin da babba ya hango..."

"Na sani. Amma wanda maciji ya sara, tsumma ma tsoro yake ba shi. Bara ka raka ni na dawo gidan nan da zani babu goyo. Ba zan iya sakewa ba."

Modibbo ne ya binne 'yar farinta, wadda ta zo ba rai. Ya sauke hannunsa a hankali, ya zauna a kan tabarma can nesa da gadon.

"Ni kuma tsoron da nake ji," in ji shi, "kada wannan ya zama na ƙarshen da zan gani."

"Kai ɗin? Kai da ka ga ginin duwatsun Dutse? Sai ka aurar da shi, ka ci naman sunan ɗansa da dasashi."

Ya yi 'yar dariya, ya kai yatsa zai sosa leɓen.

"Sauke hannun nan. Ga sabulu can, ka wanke. Tokar ma goge ta, ƙara masa zafi take. Kofinka daban, tawul ɗinka daban. Mijina Mu'az zai sayo maka man da ake shafawa, in ka sake jin wurin yana ƙaiƙayi ka shafa tun bai fito ba. Kuma ka daina yawon rana ba malafa kamar saurayi mai neman aure."

"Aure kuma, bayan na ga yadda kika mayar da mijinki ɗan aike?"

"To dabinon fa?"

"Ba uban yaron ya tauna, in bakinsa lafiya. Albarka ba a yawuna take ba."

Ya ɗaga hannuwa daga inda yake zaune, ya yi wa jaririn doguwar addu'a, bai tofa ba. Khaulat ta shafa, tana share ido da gefen mayafi.

"Kin yi nasara, mummuna," in ji shi. "Akwai jar karsana a garke, ta zama ta jaririn. Ki gaya masa kuɗin toshiyar baki ne, ya bar mini matata."