Yadda Za Ki Kalli Fim ɗin Leƙen Asiri Ba Tare da Kin Tona Ƙarshensa Ba

'Yar'uwa, in Allah ya jarrabe ki da son tsofaffin littattafan leƙen asiri, sannan ya haɗa ki gida ɗaya da mutanen da ba su san labari ba sai a talabijin, matso kusa. Hanyar nan tabbatacciya ce. Ki bi ta sau da ƙafa, za ki zauna a falo tun daga farkon fim har sunayen 'yan wasa su hau, bakinki a rufe, mutuncinki a cike, kuma ba wanda zai naɗe gyaɗa da littattafanki. An gwada ta a kan mutum guda, tana nan da ranta.

Mataki na ɗaya: Ki san laifinki, amma kada ki yarda laifi ne

Wadda aka yi gwajin a kanta, a gidansu Rediyo ake kiranta, in ban da Baba, shi kaɗai ke ce mata Uwata. Ta gama jami'a tana jiran aiki, aikin kuma bai san tana jira ba. Dukiyarta a duniya kwali guda ce da ta gada wajen Kawunta, tsohon ma'aikacin gidan waya, cike da littattafan 'yan leƙen asiri da takardunsu suka koma ruwan ƙasa. Ta karance su kaf, sai ɗaya mai shuɗin bango da ta ɓoye a ƙasan kwalin tana tattalinsa, don ba ta son ranar da za a ce sun ƙare.

Duk Asabar da yamma Yayanta makaniki kan kawo fim, a taru a falo. Nan ta samo sunanta. Da an nuno wani kyakkyawan saurayi sai ta ce, “Kada ku saba da wannan, a jirgin ƙasa zai mutu.” Ita a ganinta taimako ne.

Ranar da ta kashe musu jarumi tun bai cire hula ba, Mama ta ajiye ɗinkinta.

“Wallahi kika ƙara faɗa mana ƙarshen fim, kwalin nan na Kawunki mai gyaɗar bakin titi zan kai wa. Dama kullum kukan takarda take yi.”

Mama ba ta rantsuwar banza. Tantabarun da Yaya ya taɓa kiwo shaida ne, da suna nan.

Ki lura: wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi, wanda ya riga ka karatu kuwa zai riga ka shan faɗa.

Mataki na biyu: Ki tsare kayanki

Kada ki yarda da kowa. Rediyo ta barbaɗa hodarta a kan murfin kwalin, kamar yadda ƙwararru ke yi. Washegari sai ga sawun yatsu raɗau, littafi mai jan bango kuma ya yi ƙafa. Wanda ta fi so ke nan, na ofishin jakadancin da sirrinsa ke yoyo kamar tsohon bokiti.

Ta tare Yaya a ƙofa. “Nuna min hannunka.”

Ya ware mata tafuka baƙi ƙirin da man inji. “Da ni na taɓa, ai da ba hoda za ki gani ba, sai ki wanke kwalin da fetur.”

Zarginta ya koma kan Mama. Ko an fara zartar da hukunci ne tun ba a yi laifi ba? Ta shiga sayen gyaɗa kullum, tana kwance ƙullin tana duba takardar. Ta karanta rabin jarrabawar lissafin wani ɗalibi da tallar maganin basir, amma ba ta ga jakada ba. Mai gyaɗa har ta fara yi mata gyara.

Hannun Baba kam ba ta duba ba. Wace 'ya ce za ta ce wa ubanta ya ware hannu? Kuma shi mutum ne da ba ya wuce kujerarsa da jaridarsa.

Mataki na uku: Ki ba bakinki aiki

Baki in ba ya tauna, magana yake nema. Ki shigo falo da gyaɗar nan da kika tara, ki zauna a ƙasa kusa da fanka, don ƙararta ta haɗiye tsakinki. Bayanki ya jingina da bango, idonki na ganin ƙofa. A littattafai haka ake zama saboda maƙiya. Ke saboda gudu ne in abin ya fi ƙarfinki.

Mataki na huɗu: Ki jure ganin an ci mutuncin masoyinki

Asabar ta zo. Yaya ya shigo yana murmushin mugunta.

“Yau na ofishin jakadanci na samo. An ce daga littafi aka ɗauko shi, mai jan bango. Rediyo, kin san shi?”

Ta cika baki da gyaɗa.

Nan ne haƙurin yake. A littafi, jarumin gajeren mutum ne mai tari, takalminsa na shan ruwa, aikinsa zama a benci yana jiran wanda ba lallai ya zo ba. Rediyo ta so shi ne don ta san jira. Shafi bayan shafi ba a harba ko bindigar wasa ba, amma zuciya na dukan uku-uku saboda wani ya ajiye kofi a inda bai saba ba. A fim kuwa sai ga dogo santalele, gashi a kwance, ya faɗo daga bene kwat ɗinsa bai yamutse ba. Tarin ma sun warkar masa.

Kada ki yi tsaki. Kuma tsakaninki da Allah, ki yarda fim na da nasa. Ruwan saman nan da ke zuba a kan fitilun titi, da kiɗan da ke tashi in jirgin ƙasa ya kusa, Rediyo ta ji tsigar jikinta ta tashi. Ba ta faɗa wa kowa ba, ke ma kada ki faɗa.

Mataki na biyar: Ki gane tarko

Za a tsokane ki. Yaya ya waiwayo.

“Yau an ɗauke wa gidan rediyo wuta ne? Ko batir ne ya mutu in duba miki?”

Ta tauna gyaɗa.

Tarkon Mama ya fi haɗari, don da murya mai daɗi yake zuwa. “Ni dai direban nan ban yarda da idonsa ba. Ko ya kika gani, 'yar albarka?”

Sunan maci amanar ya taso wa Rediyo har maƙogwaro. Ta san shi kamar yunwar cikinta: tsohuwar mai shayi ce, wadda ke shiga kowane taro da faranti, ba mai kallon fuskarta. Ga ta can a bayan jakada tana zuba madara, duk falon ba wanda ya kula. Rediyo ta tuna kwalinta, ta hango shafin da ta fi so an naɗe shi kamar mazurari a hannun wani fasinja. Ta haɗiye sunan tare da ɓawon gyaɗa, har ta ƙware.

“Allah ne masani, Mama,” ta ce da hawaye a ido.

Mama ta dube ta kamar ta ga kaza na karatu.

Mataki na shida: In fim ya yi ƙarya, ki jira sunaye su hau

Ƙarshe ya zo. Jarumi ya nuna mataimakin jakada mai gashin baki, aka yi tsere a kan rufin gini, mai gashin baki ya faɗa kogi. Mai shayi ko sake nuna ta ba a yi ba. Rediyo ta riƙe ƙafar fanka. Ta jira kiɗa ya tashi, sunaye suka fara hawa, sannan ta miƙe.

“Ƙarya ne! Wallahi ƙarya suke yi! Mai shayi ce! Shekara da shekaru tana fitar da sirri a ƙarƙashin butar shayi, su kuma sun ɗora wa bawan Allah don kawai yana da gashin baki!”

Mama ta ajiye ɗinkinta.

“Makaniki,” in ji Mama, “ɗauko min kwalin.”

“A'a, Mama, tsaya. Ƙarshen fim kika hana ni, fim kuwa ya ƙare kowa ya gani da idonsa. Na littafi na faɗa. A gidan nan wa ke karanta littafi in ba ni ba?”

Mataki na bakwai: Kada ki manta da wanda ba ya magana

Baba ya yi gyaran murya. Ya sa hannu ƙarƙashin matashin kujerarsa, ya zaro littafi mai jan bango. Tsinken tsintsiya na soke a ciki, dab da ƙarshe.

“Mai shayi ce?” ya tambaya a hankali.

“Baba... ku ne?”

“Uwata, kin cuce ni. Ni da na gama shari'ata a kan direba. Jaridar da kike ganin ina riƙewa, me kike zaton ke cikinta?”

Yaya ya faɗi ƙasa yana dariya. “Gwanar gano maci amana! Ga shi a falonku kullum kina kai masa ruwa!”

“To ai shi ke nan,” in ji Mama. “Tunda har mai gida ta ɓata wa, kwali ya tafi.”

“Wane kwali?” Baba ya gyara tabarau. “Rantsuwarki a kan fim ce, ina zaune kika yi ta, kuma yarinya ba ta karya ba. Kwalin nan na leƙa shi, akwai aiki a ciki, ni kuma karatuna na tsofaffi ne. Ba mai taɓa shi sai na gama. Ke kuma, Uwata, in kin gan ni da littafi, ki bi ta ƙofar baya.”

Mama ta ɗauki ɗinkinta tana ƙunƙuni wai yanzu gidan rediyo ya buɗe reshe. Rediyo ta kwashe ɓawon gyaɗarta ta fita, kanta a sama.

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba ta ɗauki alhakin ƙwarewa da gyaɗa ba, ko ƙarewar hoda, ko tsokanar yayye. Haka kuma ba ruwanta da abin da zai biyo baya in kin samu abokin karatu a gida. Don kuwa Rediyo, da ta ga kwali ya tsira, sai ta ciro mai shuɗin bangon nan da ta daɗe tana tattali, ta fara shi cikin jin daɗi. Da safe ta kai wa Baba shayi, ya karɓa, ya kurɓa, ya dube ta ta saman tabarau.

“Uwata, na ga kin fara shuɗin nan. Kada ki saba da matuƙin jirgin.”