Yadda Ɗayyabu Ya Ƙwato Sunansa

Mai karatu, ka san sunan yankan mutumin nan da kake kira da laƙabi? A Tsamiyar Kwari akwai wani ƙato mai ƙarfin bijimin sa, yana zaune da tsohuwarsa Iya Tabawa da akuya ɗaya. Duk abin da aka ce sai ya gyaɗa kai, shi ya sa gari ya sa masa Ƙadangare. Sunan na ci masa rai, ya rantse sai ya rabu da shi.

Wata rana Safiyanu, ɗan maƙwabcinsu, ya dawo hutu daga jami'a, yana ba da labari a dandali. Ya ce, "A wata ƙasa akwai ƙadangaren da ake kira tokai, daga kukansa ya samo sunan." Washegari gogan naka ya shiga kasuwa yana kuka da sunansa na yanka, "Ɗayyabu! Ɗayyabu!" Mata suka zaci yaro ne ya ɓata, aka watse nema har cikin rijiyoyi.

Wata rana ya koma wurin Safiyanu ya ce, "Kukan bai yi ba." Safiyanu ya yi dariya. "Ai akwai giyar inabi mai wannan sunan, ita daga garinsu ta samo nata." Nan take gogan ya bi gida-gida yana cewa a kira shi da sunan gari. Kafin azahar yara na binsa da waƙa, "Ƙadangaren Tsamiya!"

Wata rana Iya ta gaji, ta ce, "Kai, kada ka amsa, kada ka motsa, sai an kira sunan da aka yanka maka rago." Ya fita ke nan aka kece da ruwa, motar tumatirin dagaci ta kafe a laka. "Ƙadangare, zo ka tura!" Ya tsaya ƙiƙam kamar turmi, ruwa na dukansa. Aka yi ta ihu, ko ƙiftawa bai yi ba, ga mota na ƙara nutsewa. Ashe duk taron ba mai tuna sunansa! Dagaci da kansa ya tattare riga, ya je ya yi sallama da Iya ya tambaya, ya dawo caɓe-caɓe.

"Malam Ɗayyabu, don Allah."

"Na'am, ranka ya daɗe!"

Turawa ɗaya mota ta fito, kuma daga ranar ba wanda ya ƙara gangancin mantawa.

To kai ma, yau ɗin nan, ka je ka tambayi naku mai laƙabin sunansa na yanka, tun motarka ba ta kafe ba.